Tulun Salansar Alhaji Kabo

Alhaji Kabo mutum ne da ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa gindin kwanon kafin ya kai baki. Shi cewa yake yi fataucin dabbobi ne ya koya masa haka, don wanda ya tsufa yana buɗe bakin raguna a kasuwannin Baure da Babban Mutum ba zai yarda da fuska ba sai ya ga haƙori. Matarsa Yelwa kuwa cewa take yi sharri ake yi wa kasuwa, da halinsa ya zo duniya.

Abu biyu ne kawai suka tsira daga zarginsa. Na farko tsohuwar jif ɗinsa, 'yar Kwatano, wadda ta tsufa tun a hannun Turawa kafin ta tsallako teku. Ba ta da kyan gani, amma duk yashin da ke kwantar da ƙananan motoci a hanyoyin bakin iyaka ita ratsa shi take yi tana gunji. Na biyu kuma Mainasara, makiyayin da rugarsa ke gefen gonar Kabo a wani ƙauye gaba da Babban Mutum. Tun zamanin iyayensu shanun gidan su Kabo ke hannun gidan su Mainasara, kuma ba a taɓa jin an ce saniya ta ɓata ko maraƙi ya mutu ba a kawo fata ba.

A bana ne aka samu tsagewar bango. Al'adar wurin, in an kwashe amfani sai a bar wa makiyaya gona, shanu su ci kara su bar taki, kowa ya amfana. Kabo ya duba ya ga harawa ta yi daraja, ga raguna yana turkewa, sai ya sa aka tattare komai, kara da harawa, aka jibge a tsakiyar gona kamar ɗaki. Mainasara ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaya ko za su shiga kamar kullum. Kabo ya ce bana ba dama. Mainasara ya yi shiru, ya kalli tsibin harawar, ya ɗauki sandarsa ya tafi. A ranar Kabo bai ɗauki shirun a bakin komai ba.

Ba a yi mako ba harawar ta ƙone. Da hantsi Kabo ya biya ta gonar a kan hanyarsa ta kasuwa, ya tsayar da mota a jikin tsibin, ya zagaya ya ga komai lafiya, ya wuce. Bai gama cinikin farko ba waya ta same shi. Kafin ya dawo wuta ta cinye nasa ta tsallake iyaka, ta lashe dammunan dawar maƙwabcinsa Mahdi, waɗanda bai kai ga kwashewa ba. Abincin gidan Mahdi ke nan na shekara, kuma mutumin yana tsaye a cikin toka yana kuka kamar yaro.

Kabo bai yi kuka ba, zagaye ya shiga yi yana duban ƙasa. A bakin gona ya ga sawun shanu. To a ƙasar nan ina ne babu sawun shanu? Amma sai shirun nan na Mainasara ya dawo masa, da kallon da ya yi wa tsibin, ya haɗa su wuri ɗaya ya ɗaure. Kafin la'asar ya faɗa wa Mahdi, kafin magariba ya faɗa a ƙofar masallaci, washegari ya kai wa dagaci. Da yake an san Kabo da ido, ba wanda ya tsaya musu. Mutane suka ce in har Kabo ya zargi mutumin da ya fi yarda da shi, to ya ga abin da ya gani.

Dagaci ya sa ranar Alhamis. Sharaɗin a bayyane yake: Mainasara ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba shi ba ne kuma ba yaransa ba, ko ya tashi rugarsa daga ƙasar ƙauyen. Kafin ranar ta zo matan gari har sun daina sayen nonon matansa.

A tsakanin nan ne motar ta ƙara lalacewa. Dama ta kwana biyu tana nauyi, a taka totur ta yi ta nishi ba gudu, ga shan mai kamar rijiya. Ranar Litinin Kabo ya kai ta garejin Sama'ila a Baure. Garejin yana jikin shagon Emenike mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ya daɗe a garin har 'ya'yansa sun fi jin Hausa a kan yarensu. Sama'ila ya sa tafin hannu a bakin salansa, ya ce a taka. Ya jima yana saurare, sannan ya miƙe.

"Alhaji, numfashinta ne ba ya fita. Indomin ya toshe."

"Wane indomi kuma a cikin mota?"

Sama'ila ya nuna masa wani tulun ƙarfe a ƙarƙashin motar, a tsakiyar bututun salansa. Ya ce a cikinsa akwai wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, shi makanikai ke kira haka. Turawa suka sa shi don ya tace gubar hayaƙi kafin ya fita iska. Amma mota ta tsufa, ga man bumburutu da Alhaji ke ɗura mata a ƙauyuka, ramukan sun cushe. Sabo ba ya samuwa a nan kusa. Magani shi ne a yanke tulun a jona miƙaƙƙen bututu.

Kabo ya yi murmushin da yake yi in dillali ya fara yabon rago. Ya sha jin labarin abin nan. An ce akwai wani ƙarfe mai daraja a ciki, an ce akwai masu yawo gari gari suna saye, an ce ka kai mota gyaran birki ka dawo da ita an kwashe mata ciki ba ka sani ba.

"In an yanke, tsohon wa zai ɗauka?"

"Naka ne, Alhaji."

"Nawa ne yau. Da ban tambaya ba fa?"

Emenike ya fito daga shago yana goge hannu da tsumma. Ya gaishe da Kabo, ya yi masa jajen gobara, sannan ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin motar.

"Alhaji, ka bari a cire. Ba don gudu kawai ba. Dubi yadda ƙarfen ya yi shuɗi. Abin nan in ya toshe, ja yake yi kamar ƙarfen maƙera. A garinmu na ga mota ta tsaya a kan busasshiyar ciyawa, ciyawar ta kama."

Murmushin Kabo ya ɗauke. Ya kalli Emenike tun daga takalmi har hula, ya tuna cewa a shagon nan Mainasara ke sayen kayan babur ɗinsa, ya tuna ya taɓa ganin ƙwaryar nono a ƙofar gidan matar Emenike.

"Wa ya aiko ka ka faɗa mini wannan?"

"Aike kuma, Alhaji?"

"Gobara ta ci gonata, saura kwana kaɗan a zauna, sai yau ka tuna da motar garinku mai kunna ciyawa? Emenike, ni na girme wa wannan wasan. Mainasara ya wanke kansa, ku ku samu ƙarfe. Kowa ya ci riba sai Kabo."

Emenike ya ɗaga hannuwa biyu ya koma shagonsa. Kabo ya ja motarsa. Kuma bai tafi da maganar a cikinsa ba. A majalisar masu shayi ya tsaya ya ba da labari, ya buga wa Mahdi waya ya ƙara ba shi: ga wasu ɓarayin ƙarfe can a Baure an saye su, wai so suke su ɗora wa motarsa gobara. Mahdi ya ce Allah wadaran mutanen yanzu.

Daga nan ya ɗauki hanyar ƙauye don ya ƙara duba sawun nan. Bayan Babban Mutum kwalta ta ƙare, yashi ya fara. Motar ta yi ta fama, ya sa mata giyar ƙarfi, ya danne totur har ƙasa, tana tafiya kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri. La'asar ta yi masa a wani fili da ba kowa. Ya kauce hanya ya tsaya a kan ciyawa, ya ɗauki buta ya yi alwala, ya shimfiɗa darduma a gabas da motar.

Yana zaman tahiya ya ji ƙauri. Ya yi sallama ya waiga. Hayaƙi siriri ne ke fitowa daga ƙarƙashin jif ɗin, yana kwanciya a kan ciyawa. Ya ruga ya durƙusa. Tulun nan ya yi ja a tsakiyarsa, ja na garwashi, ciyawar da ke taɓa shi ta yi baƙi tana ci a hankali, ba harshe, sai jan baki da ke rarrafe. Ya watsa sauran ruwan buta, ya faɗa mota ya ja ta kan yashi, ya dawo ya yi ta tattaka wurin da takalmi yana dukansa da darduma har wutar ta mutu.

Ya zauna a ƙasa yana haki. Bai so tunanin ya zo ba, amma ya zo: hantsin nan, tsibin harawa, motar a jikinsa tana kunne don ba ya son kashe ta saboda wuyar tashi, shi kuma yana zagaye yana lissafin raguna. Ya ja mota ya tafi bai waiwaya ba. Iska kuwa tana kaɗawa ta wajen gonar Mahdi.

Wani zai ce nadama ce ta fara kama shi. Ba ita ba ce, tsoro ne. Abin da ya fara yi shi ne ya miƙe ya dubi gabas da yamma ko wani ya gani. Ba kowa sai wasu awaki can nesa, su ma ya daɗe yana kallonsu ko da mai kiwo a bayansu. Ya tura yashi da ƙafa ya rufe baƙin wurin.

Washegari tun Sama'ila bai gama shara ba jif ɗin ta tsaya a bakin garejin.

"A cire," in ji Kabo. "Na yi shawara. Mai take sha da yawa."

Sama'ila ya ajiye tsintsiya. Aka hau da motar kan rami. Kabo ya tuɓe babbar riga ya bi shi ciki, ya ce ba ya barin kayansa a bayan idonsa. Wannan karon da gaske yake, sai dai ba sata yake gudu ba.

Ƙusoshin sun ci tsatsa sun ƙi juyawa, sai da aka kawo injin yankan ƙarfe. Kafin a kai ga tulun akwai wani ɗan faranti mai kare zafi da ya rage a gefe ɗaya, ɗayan gefen ya daɗe da faɗuwa. Da Sama'ila ya ɓamɓare shi sai tarkace ya zubo musu a ka, yashi da toka da guntayen ciyawa. Sama'ila ya kakkaɓe wuyansa, ya tsinci wani abu a kafaɗarsa ya ɗaga shi wajen haske. Kwanson wake ne, rabinsa ya ƙone.

"Wannan ai harawa ce," ya ce.

"Motar mai raguna ce, me kake so ka gani a jikinta, auduga?" Kabo ya fizge kwanson ya murƙushe a tafinsa. "Yi aikinka."

Injin ya yi ƙara, tartsatsi ya yi ta zuba, tulun ya faɗo. Emenike ya kawo miƙaƙƙen bututun da kansa, mai walda ya jona. Da ya ga tulun a ƙasa sai ya ɗaga shi ya leƙa ta baki ɗaya. Haske ba ya ratsawa. Abin da ke ciki ya narke ya dunƙule kamar alewar da aka bari a rana. Emenike ya kalli tulun, ya kalli Kabo, ya ajiye a hankali.

"Alhaji, ka ajiye shi yadda yake. Ko ba ka sayar ba, ka ajiye."

"Don me?"

"Kayanka ne."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kabo ya ji maganar nan kamar an kira sunansa a kotu. Ya cusa tulun a buhu ya ɗaure baki, ya jefa bayan mota. Da aka tayar da injin sai ta yi wata irin ruri da ba ta taɓa yi ba, kajin unguwa suka watse, hayaƙi mai yaji ya cika garejin. Ƙarfinta ya dawo, ba musu. Sama'ila ya ce yanzu ko a kan auduga aka tsayar da ita ba abin da zai faru. Kabo ya kalle shi da sauri ya ga ko da wata manufa ya faɗa, amma mutumin yana tattara sifanoninsa ne.

Duk hanyar gida gani yake kowa shi yake kallo. Alhali ƙarar motar ce ke sa a waiwaya.

Da azahar Yelwa ta jiyo duka a bayan ɗaki, ta leƙa ta tarar da mijinta a tsugune da guntun rodi, yana zura shi cikin wani tulun ƙarfe yana sassaƙa, wani farin gari mai toka yana zubowa a kan buhu.

"Alhaji, yau kai ne da daka?"

"Koma ciki."

"Ba wannan ne ka ce jiya ɓarayi na so su raba ka da shi ba? Ka hana su, ka zo kana farfasawa da hannunka?"

"Na ce ki koma ciki, Yelwa."

Ta koma, amma sai da ta tsaya ta yi masa kallon da shi yake yi wa mutane. Ya kwashe garin kaf ya zuba a masai, ya leƙa tulun ya ga haske fes daga baki zuwa baki. Ya mayar da shi buhu ya bar shi a mota, don jefar da shi ma wani abin tambaya ne.

Daga nan ya samu dabara, kuma ya ji daɗinta ƙwarai. Ranar Alhamis zai tashi a gaban jama'a ya ce ya yafe. Ba rantsuwa, ba tashin ruga. Zai kuma tura wa Mahdi dawa da sunan taimako. Mainasara ya tsira, shi ya fita da sunan mai haƙuri, magana ta mutu. Har ya fara ganin kansa a matsayin mutumin kirki.

Ranar Alhamis ƙofar gidan dagaci ta cika. Liman yana gefe da Alƙur'ani a cikin gafaka. Mainasara ya zo shi kaɗai, ya ajiye sandarsa da takalmansa nesa, ya zauna a bakin tabarma. Ya rame. Kabo ya kasa kallonsa, sai ya kalli sandar.

Dagaci ya maimaita sharaɗi, ya ce Mainasara ya tashi ya yi alwala.

"Ranka ya daɗe," in ji Mainasara, "ban sa wuta ba, yarana ba su sa ba. Amma ubana bai taɓa dafa Littafin Allah a kan abin duniya ba, ni ma ban taɓa ba. Ba zan fara a kan kara ba."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Akwai dattawan da suka san mutane da yawa masu gaskiya na gudun rantsuwa, amma yau ba wanda ya tuna da haka. Mahdi ya ce, "Kun ji ko? Ya ƙi."

Kabo ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, ni dai a nawa ɓangaren na yafe. Zaman tare ya fi harawa. A bar shi ya zauna."

Aka fara cewa madalla, Allah ya saka wa Alhaji. Mainasara ya juyo, karo na farko, ya dube shi a ido.

"Me ka yafe, Alhaji?"

"Abin da ya faru."

"Wanda ya yi laifi ake yafe wa. In na karɓi yafiyarka, na karɓi wutar ke nan, ni da 'ya'yana da jikokina. Duk gobarar da aka yi a ƙasar nan rugata za a kalla. Riƙe yafiyarka. Gobe zan kawo maka shanunka, ka ƙirga."

Bai ɗaga murya ba. Kabo ya ji kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Dabarar da ya kwana biyu yana lallashi ta zube a gabansa, ya ga ashe wata wuƙar ce ya so ya ƙara caka wa mutumin, da murmushi. Bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, ba shi ba ne. Motata ce."

Ya faɗi komai, yana haɗa kalmomi da ƙyar: tulun, toshewar, jan ƙarfen, ciyawar da ta kama yana salla, hantsin da ya tsaya a jikin tsibin. Ya jira zagi, ya ma shirya masa. Abin da ya biyo baya bai shirya masa ba.

"Mota," in ji Mahdi a hankali. "Shekara nawa kana tsayar da motar nan a gonakinmu, ta taɓa ƙona ko tsinke? Ga ta can, ga ciyawa. A gwada."

"An cire abin."

"Yaushe?"

"Shekaranjiya."

"A gwada dai," in ji dagaci.

Aka ɗebo busasshiyar ciyawa aka shimfiɗa, Kabo ya hau da jif ɗin kai ya bar ta a kunne. Manya da yara suka tsuguna suka kewaye ta suna leƙe, tana ruri tana fesa musu hayaƙi a fuska. Aka jira har dattawa suka fara tari. Wani ya zura hannu ya jawo ciyawar, ya shinshina, ya miƙa wa na kusa da shi. Ɗumi kawai ta yi.

Kabo ya ɗauko buhun ya zazzage tulun a gaban dagaci. Mahdi ya ɗaga shi ya leƙa, ya hango fuskar liman ta ɗaya bakin.

"Ka ce ya toshe. Wannan ai ko ɗan akuya zai wuce ta ciki."

"Ni na farfasa abin da ke ciki."

"Don me?"

Kabo ya kauce wa tambayar. Sannan ya ce a kira Emenike da Sama'ila, sun gani da idonsu kafin ya fasa.

"Su wa? Ɓarayin ƙarfen da ka ce mini an saye su?" Mahdi ya ajiye tulun ya juya wajen jama'a. "Jama'a, ku dubi mutumin nan. Kabon da muka sani ne wannan? Kabon da ko uwarsa ta ce rago lafiyayye ne sai ya buɗe baki? Ranar Litinin da bakinsa ya ce mini ƙarya ce aka shirya. Yau ya zo yana rantsuwa da ita, har yana tuhumar kansa. An juya masa baki ne. An yi masa aiki."

Maganar ta zauna daram, don ta fi ta mota sauƙin shiga kai. Kabo ya ga idanuwa suna barinsa suna komawa kan Mainasara, ya ga waɗanda ke kusa da shi suna janye gwiwa. Ɗazu mai sa wuta ne, yanzu ya zama mai sa wuta kuma mai asirin da zai iya juya Kabo. Kabo ya yi ta magana, ya ce a ba shi Alƙur'anin shi ya dafa. Liman ya rungume gafakarsa ya ce ba a ba wanda ba ya cikin hayyacinsa rantsuwa. Wani tsoho ya dafa kafaɗarsa da tausayi, ya ce ya je gida a nema masa rubutu.

Dagaci ya ce magana ta rikice, a ɗage zama. Amma kowa ya san an gama.

Jama'a na watsewa Kabo ya bi Mainasara inda yake sa takalmi.

"Wallahi gaskiya na faɗa."

"Na sani, Alhaji. Ni ai na san ban sa ba." Ya ɗauki sandarsa. "Yaushe ka gane?"

Kabo ya so ya ce jiya. Bakinsa ya ƙi. "Litinin, da la'asar."

Mainasara ya gyaɗa kai yana lissafi. "Ranar Talata 'yata Ummukulsum ta kawo nono gari, aka jefe ta aka fasa mata ƙwarya da goshi. Kana ina a lokacin?"

A lokacin yana bayan ɗaki da guntun rodi. Mainasara ya juya ya tafi.

Washegari da hantsi Kabo ya kori jif ɗin zuwa gonar, da niyyar ya durƙusa in durƙuson ne zai yi. Motar ta ratsa yashin nan ba nishi ba tsayawa, ta kai shi da wuri fiye da kullum. Ƙararta ta riga shi isa, ta firgita shanun da ke ɗaure a gindin gawo a bakin gonar, suka yi ta fizgar igiya. Nasa ne, sun yi ƙiba, da maruƙa biyu da bai ma san an haifa ba. A inda rugar take saura duwatsun murhu da da'irar taki, sai sawun shanu da yawa da ya miƙe arewa wajen iyaka.

Kabo ya kashe motar ya fito. Ya tsaya a gaban shanun ya ɗaga yatsa zai fara ƙirga, yadda ya saba yi wa duk abin da aka miƙo masa, sai ya sauke hannun. Babu kowa a wurin da zai ce masa sun cika.